Masu zane ku taimaka, manoman cikin zanena kamar an manna su

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman taimako. Sati uku ke nan ina fama da wani zanen ƙauye da fentin mai, manoma biyu a gaba sun duƙa suna aiki, can baya kuma gidaje da bishiyoyi. Matsalar ita ce babu nisa ko kaɗan, komai ya taru wuri ɗaya, manoman sai ka ce yanko su aka yi aka manna. Na san abin da ke nesa yakan dusashe ya ja shuɗi, na gwada ƙara fari da shuɗi a bishiyoyin baya amma ina shafawa sai ya cakuɗe da na ƙasa ya koma kalar laka, raina ya ɓaci sosai. Kullum ina kallon zanen da Millet, wani mai zane ɗan Faransa, ya yi a 1857, matan nan uku masu kala a gona, yadda suka tsaya daram a kan ƙasa ga tarin girbi can baya cikin hazo. Inuwar ƙarƙashin ƙafa ce ban sa daidai ba? Kuma in kankare bayan in sake ne, ko in jira ya bushe in ɗora?