Hannun tiremolo ya karye a cikin rami: yadda ake ciro guntun

Ɗan Obalende:
Assalamu alaikum. Hannun tiremolon jitar lantarki irin Stratocaster, wato sandar da ake dannawa don sautin tsirkiyoyi ya yi rawa, ya karye daidai bakin ramin da ake murɗa shi, guntun ya maƙale a ciki, babu abin da filaya za ta kama. Yayyena da suka saba da wannan aiki, ina ake farawa?

Mai gyaran jita, Agege:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka soma da huda. Hannun yakan karye ne a inda tiredi, wato zaren murɗawa irin na sukuru, ya fara, don nan ƙarfen ya fi siranta, kuma nan duk nauyin dannawa ke sauka. Ramin da guntun ya shiga yana cikin bulok ɗin da ke ƙarƙashin farantin tiremolo, saboda haka idan ka raba su, sau da yawa kan guntun zai leƙo.

Sassauta tsirkiyoyi ka cire su. Buɗe murfin baya ka zare sifirin, galibi uku ne. Kwance sukurori shida na gaban faranti, tiremolon zai fito gaba ɗaya. Kafin ka taɓa 'yan jakunan da tsirkiya ke hawa, ɗauki hotonsu da waya, in ba haka ba saitin sauti zai ba ka wahala daga baya. A ƙarƙashinsu akwai sukurori uku da suka haɗa faranti da bulok. Zaɓi sukurudireba da ta cika bakinsu sosai, suna da tauri kuma kansu na saurin cinyewa. Da farantin ya tashi, ɗiga man sassauta tsatsa na WD-40 a ramin, bar shi ya kwana, sannan ka kama guntun da filaya mai kulle ka murɗa hagu.

Makaniken Ladipo:
Maigida ya faɗi gaskiya, sai dai wani lokaci abin da ya leƙo bai kai a kama ba. To ka ɗaure bulok a bayis, ka naɗe shi da tsumma, ka tsaga kan guntun da bakin zarton ƙarfe, tsagi ɗaya madaidaici mai zurfin milimita 1 ko ɗan fi. Sa sukurudireba mai faɗi, danna ƙasa da ƙarfi kana juyawa. Juya bulok ɗin ma ka duba gindinsa: a wasu ramin ya ratsa har ƙasa, ana iya kaiwa ga guntun ta can.

In ya karye can ciki, huda ta zama dole. Goge kan ya kwanta, buga fanci a tsakiya cif, fara da bakin diril na milimita 2, a hankali, da ɗigon mai. Idan ka samu baki mai juyin hagu shi ya fi, domin yana cikin ci yakan kama guntun ya kwanto shi. Abin da nake jan kunne a kai shi ne ƙusar nan ta ciro karyayyen sukuru. Ƙarfenta gasasshe ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In ya karye a ciki babu bakin diril na yau da kullum da zai ci shi, ka yi asarar bulok ke nan. Murɗa shi da hannu kawai, da ka ji ya cije ka tsaya.

Na Idi-Araba:
Oga, a ƙara maganar wuta. Bulok ɗin jitoci masu araha yawanci na tutiya ne, ba ƙarfe ba. Kara masa maganaɗisu, in bai kama ba, kada mai walda ya kusance shi, narkewa yake yi a wajen digiri 400 na Celsius. Shi kansa hannun ma walda ba ta riƙe shi, wurin zai sake ɓallewa.

Mai gyaran jita, Agege:
Haka ne. Sai batun sabon hannu, inda aka fi yin ɓarna. Hannu mai tiredi na jitar kamfanin Fender ƙirar Amurka tiredinsa 10-32 ne, awon inci, kaurinsa kusan milimita 4.8. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a Asiya kuwa M5 ne ko M6, wato awon milimita, kaurin 5 ko 6. M5 da 10-32 ido ba ya raba su. Na M5 zai fara shiga ramin 10-32 sannan ya cije, in ka tilasta ya cinye tiredin bulok. Na 10-32 a ramin M5 kuma sai ya riƙa girgiɗi. Tafi kasuwar Alaba International ta Legas da bulok ɗin a aljihu, gwada da yatsu a gaban mai shago. Wanda ya dace zai shige ba gardama.

Idan tiredin ya riga ya cinye, sauya bulok ya fi sauƙi, amma auna tazarar tsirkiyar farko zuwa ta shida: akwai mai kusan milimita 56, akwai mai 52.5, ramukansu ba sa haɗuwa.

Malama daga Surulere:
Yaya, abin da ke jawo karyewar ma a faɗa masa. Mutane na murɗa hannun har ya taɓo gindin rami don kada ya yi lilo, sannan su danna. Akwai ɗan ƙaramin sifirin da ake jefawa a ramin kafin hannun ya shiga, shi ke riƙe shi a inda aka bar shi. In babu, naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo zagaye biyu ko uku a tiredin. Danshin Legas da gumin hannu suna sa tsatsa ta haɗe su, don haka a shafa ɗan giris. A cire hannun kafin a rufe akwatin jita, a liƙe bakin ramin da tef kada sifirin ɗin ya faɗo.