Neman kalma: me za mu kira "unggah-ungguh" da Hausa?

'Yan'uwa masu fassara, ku kawo ɗauki. Ina rubutu a kan Jawanci, harshen mafi yawan mutanen tsibirin Java a Indonesiya, sai na ci karo da unggah-ungguh. Abin nufi: kafin ka buɗe baki sai ka auna matsayin wanda ke gabanka. Cin abinci "mangan" ne tsakanin tsara, "nedha" in kana ladabi, "dhahar" in babba ne mai cin. "Kai" da ake ce wa mutum ma uku ce: kowe, sampeyan, panjenengan. Salon magana na sakewa suna kiransa ngoko, na ladabi krama.

Wani malami ya ce in sa "harshen girmamawa". Malam, a gafarce ni, wannan krama kaɗai ya kama. Mu ma ai muna cewa "ya rasu" maimakon "ya mutu", muna ce wa dattijo "ku". Amma namu 'yan kalmomi ne. Nasu jimlar ce kacokan ke sake riga. "Zaurance" kuwa ɓoye zance ne, bai shigo nan ba.

Ni dai na fi karkata ga "hawa-hawan magana". Ngoko ya zama "maganar sakewa", krama "maganar rusunawa". Na guji "hawan ƙasa" da gangan, don ngoko ba raini ba ne kullum: da shi aminai ke hira, da shi uwa ke lallashin ɗanta.

Inda kalmar ke ba ni wahala shi ne zamani. A da, tsanin a fili yake: fadar Yogyakarta da ta Surakarta, sai priyayi masu sarauta da aikin gwamnati, sai manomi. Tun 1928 matasa suka yi alkawarin riƙe harshen Indonesiya, wanda ba shi da wannan hawa-hawan, daga baya kuma aka mai da shi harshen makaranta da ofis. Yau ɗan manomi ya zama shugaban ma'aikata, jikan fada yana ƙarƙashinsa. Wa zai rusuna wa wa? Sai duka biyun su tsere zuwa harshen Indonesiya, tudun mun tsira. Matasa da yawa ma tsoron kuskure a krama ke sa su gudu, kada a ce ba su da tarbiyya.

Wannan tserewar fa, me za mu kira ta? Na rubuta "zille wa hawa", amma bai zauna mini a kunne ba.