Na haɗa switch biyu da waya biyu, amma gudun bai ƙaru ba

Mai tambaya, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da netwok ɗin wani ƙaramin otal a Misfala. Kafin cunkoson Umarar azumi na haɗa switch (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) ɗin benen sama da na ɗakin saba (babbar kwamfutar ajiyar bayanai), duka na kamfanin Cisco, da wayar netwok biyu, kowacce mai gudun gigabit 1. Na sa umarnin `channel-group 1 mode active` a ɓangarorin biyu, Port-channel (wayoyin biyu a haɗe kamar hanya ɗaya) ya tashi. Amma in ana kwashe bidiyon kyamarori zuwa saba, gudun ba ya wuce gigabit 1. Fitilar port (ramin da ake soka waya) ɗaya sai walƙiya take, ɗayar kuwa shiru. Ina matsalar take?

Injiniya, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Babu abin da ya lalace, haka LACP, wato tsarin da ke haɗa wayoyin su zama hanya ɗaya, yake aiki. Switch yakan duba adireshin mai aikawa, ko na mai karɓa, ko duka biyun, ya ɗora wannan zirga-zirgar kan waya ɗaya tak, don kada bayanan su isa a hargitse. Titi ne mai layi biyu, amma mota ɗaya ba ta bin layi biyu lokaci guda. Na'urar naɗar bidiyo ɗaya zuwa saba ɗaya, waya ɗaya za su bi. Sa `port-channel load-balance src-dst-ip`, zai fi rarraba zirga-zirgar salular baƙi da ta kwamfutocin ofis a kan wayoyin netwok ɗin biyu. Shi kuwa wancan kwafin, maganinsa port na gigabit 10.

Wani ɗan uwa, Madina:
Gaskiya Injiniya ya faɗa, amma fara tabbatar wayar ta biyu tana ciki ma. Buga `show etherchannel summary`. Harafin P gaban port na nufin ta haɗu. Ƙaramin s na nufin an dakatar da ita, galibi saboda VLAN (rukunin netwok da aka ware a cikin switch) ko gudun bai dace da na ɗayar ba. Kuma don Allah ka sa ido kan kowace port ta SNMP (hanyar duba lafiyar na'urorin netwok daga nesa), ba Port-channel kaɗai ba. Waya ɗaya za ta mutu, Port-channel yana nuna lafiya lau, sai ranar da otal ya cika ka gane. Ƙara `lacp rate fast`: in ɗaya ɓangaren ya yi shiru alhali fitila na kunne, cikin daƙiƙa 3 za a cire port ɗin, maimakon 90.

Mai tambaya:
Na duba, duka biyun P ne. Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai wa manaja maganar gigabit 10.