Cheese ko curd: wanne zan rubuta a jikin leda?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum. Ina yin cuku da madarar shanu da ruwan tumfafiya, kuma wani kanti a Abuja ya yarda zai karɓa idan na manna masa takarda da Turanci. Mai buga takardar ya ce in rubuta curd, ɗana kuma ya dage cewa cheese ne daidai. Guda 1,000 zan buga ranar Litinin.

Malam Buba: Hajiya, curd shi ne gudajin da yake haɗuwa idan madara ta tsinke, ruwan da ya rage kuma whey. Sai an tsane gudajin an matse shi sannan ake kiransa cheese, don haka ɗanki ne ya yi daidai.

Baban Khalifa: Ni kalmar nan ta ja mini asara. Na rubuta curd, ban san cewa a Turancin Indiya kindirmo take nufi ba. Wani Ba'indiye mai gidan abinci ya sa aka kai masa leda 40 ba tare da ya gani ba, da ya buɗe ya tarar da abin yankawa da wuƙa, sai ya dawo da su bayan kwana biyu duk sun yi yauƙi. Naira 60,000 na kashe a takardun kaɗai.

Inna Hauwa: An cuce ka, domin a Kano 35,000 na biya.

Baban Khalifa: Bayanin Malam na ƙamus ne, ni kuwa da kuɗina na koya.

Malam Buba: Asara ba ta mayar da mutum malamin Turanci. A Kanada ana sayar da gudajin ɗanye da sunan cheese curds, kuma babu mai zaton kindirmo ne.

Ɗan Auta: A Ingila na sayi lemon curd don in soya, sai na tarar da abin shafa wa burodi.

Inna Hauwa: Ku tuna cewa awarar waken soya ma bean curd ake ce mata, kuma damuwata ke nan, domin sau biyu ana sayar mini da ita a tasha da sunan cukun madara, sai da na gutsura na gane.

Baban Khalifa: Ita kanta madarar yanzu ta gari ake dama mana a ce daga ruga take.

Maman Sadiya: To ni dai me zan gaya wa mai bugawa?