Intanet ɗin gida yana yankewa kullum da daddare, in canza rauta ne ko in bar kamfanin?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'a don Allah shawara nake nema. Faiba (intanet na waya mai aiki da haske) muka jawo gida, gudun 20Mbps muke biya, da rana lafiya lau amma da an yi magariba sai ya fara tsiya, daga ƙarfe 8 zuwa 11 kam ko hoto ba ya buɗewa, kuma lokacin ne nake koyar da ɗalibaina ta Zoom, jiya sau huɗu yana jefo ni waje a darasi ɗaya. Na kashe na kunna har na gaji, fitilun rautar (na'urar da ke raba Wi-Fi a gida) duk kore ne babu ja. Saura kwana 5 kuɗin wata ya ƙare, in sayi sabuwar rauta ne ko in koma wani kamfanin?

Abban Sultan: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki zare ta daga wuta ki ƙirga 30 ki mayar, haka nake wa tawa.

Maman Ikram: Malam ai na faɗa a sama na yi wannan.

Autan Mama: Anti ki duba dai ko samarin maƙwabta ne suka samu fasuwod, da daddare suke zaman kallon ƙwallo 😂

Mai Gyara: Hajiya kar ki sayi komai tukuna, sai an san inda ciwon yake. Yau da daddare in ya fara, ki jona kwamfutarki da rautar ta kebul kai tsaye ki gwada a fast.com, shafin auna gudun intanet. In kebul ya kawo gudu mai kyau to matsalar ta Wi-Fi ce, in shi ma yana rarrafe to daga wajensu ne, mutane sun yi wa layin yawa lokacin da kowa ya dawo gida, nan ko rautar zinare kika saya a banza. In ta Wi-Fi ce kuma ki duba ko rautar tana da 5GHz (Wi-Fi zango biyu ne, 2.4GHz da 5GHz) ki koma kai, don 2.4GHz kowa na kewaye a kai yake cunkushe, sai dai 5 ɗin ba ya ratsa bango sosai, ki zauna kusa da ita. In 2.4 kawai gare ta ki sa canel ɗin a 1 ko 6 ko 11.

Baban Biyu: Hmm. Ni in na ji ana maganar faiba har raina ɓaci yake wallahi. Tawa fitilar LOS ce, mai nuna sigina ta yanke, ta kama ja tana ƙyaftawa, na kira su aka ba ni lambar ƙorafi aka ce awa 48. Kwana 16 na yi ina kira, kullum sabon mutum ne zai ɗauka sai na sake labari tun daga farko, kowanne kuma sai ya ce in kashe in kunna, in ce masa ɗan'uwa jar fitila ce, haske ne ba ya isowa, kashewa me za ta yi? Ranar da yaron nasu ya zo ko minti goma bai yi ba, ashe siririyar wayar nan ruwan ɗorawa ce ta lanƙwashe a bayan kujera, ya canza ta shi ke nan. A cikin kwanakin nan na rasa wani aiki da na yi wata biyu ina bi, don ranar tattaunawa da wayata na jona ta yi ta yankewa. Da na ce su mayar min da kwanakina sai aka ce tsarinsu bai yarda ba. Hajiya ki gudu tun da wuri.

Maman Ikram: Allah ya mayar da alheri, amma ni tawa ba ta nuna ja ba fa.

Baban Biyu: Za ta nuna ne, haka suke farawa.

Ummu Hanan: Ki sayi rauta kawai 'yar'uwa, wadda kamfani ke bayarwa ba ta da ƙarko, tawa zafi take yi kamar dutsen guga sai ta sake tashi da kanta. Sabuwa mai kyau ba ta kai kuɗin sabis na wata ɗaya ba ma.

Abban Sultan: Wata ɗaya? Wadda na saya ta cinye na wata uku, sai dai in ta hannu kika samu.

Mai Gyara: Ummu Hanan irin taki sau da yawa adaftar ce ta gaji ba rautar ba, da kin canza adafta mai daidai da abin da aka rubuta a bayanta da ta zauna. Kuma ta Hajiya agogo take bi, rautar da ta lalace ina ruwanta da ƙarfe 8?

Ummu Hanan: Ni dai abin da ya faru a ɗakina na faɗa, na canza kuma na huta.

Baban Biyu: Mai Gyara kai da alama da su kake aiki, kullum sai ku ce a gwada wannan a gwada wancan har wata ya ƙare.

Mai Gyara: Haba Alhaji, ni ne fa na ce mai yiwuwa laifinsu ne. Gwajin minti biyar na ce ta yi, ta ɗauki hoton sakamakon dare uku a jere da lokacinsa, da shi za ta riƙe su.

Abban Sultan: Wai ma kin tabbata ba rage miki gudu suka yi ba? Wannan anlimited da suke cewa akwai iyaka a ƙasan takarda da ƙananan rubutu, kana kaiwa wani adadi sai su shaƙe ka.

Ummu Hanan: Wallahi nan ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, duk 20 ga wata nawa yake komawa kamar kunkuru, kuma ba sa turo ko saƙo. Sannan su rubuta 20Mbps kana sauke abu ka ga 2.5 kawai.

Mai Gyara: Wannan kam daidai ne, ana raba shi da 8 ne, 20Mbps shi ne 2.5MB a daƙiƙa.

Baban Biyu: Kun gani ko, ya sake kare su.

Maman Ikram: Na duba kwalin rautar na samu wani kebul shuɗi, amma kwamfutar tawa ba ta da ramin da zai shiga, yaya zan yi? Ƙarfe 8 nake da darasi.