Muhawara: Kwana-kwana a Besbol, Kariya ce ko Raina Hankali?

Mai Lissafi:
Jama'a, ga maganata: a besbol ɗin Amurka mai kwana-kwana ya fi mai buɗe baki tsira, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ranar 17 ga Maris, 2005, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya kira manyan 'yan wasa kan ƙwayoyin ƙara ƙarfi. Mark McGwire, duk ta inda aka ɓullo masa sai ya ce shi bai zo maganar abin da ya wuce ba. Rafael Palmeiro kuwa ya nuna yatsa ya ce bai taɓa amfani da su ba, magana ta ƙare. Ba a cika wata 5 ba aka dakatar da shi kwana 10 saboda gwaji ya nuna stanozolol, ɗaya daga cikin ƙwayoyin, a jikinsa. Baki shi ke yanka wuya.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, tsira daga me? McGwire fa mutumin da ya fitar da ƙwallo waje da fili sau 70 ne a 1998, sau 583 a duk rayuwarsa ta wasa. Shiga zauren gwarzaye na Cooperstown sai da kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un marubuta wasanni. Shekara 10 sunansa na kan takardar zaɓe, ko kashi 25 bai taɓa kaiwa ba. Kuma a Janairun 2010, da zai koma St. Louis Cardinals koyar da bugu, da bakinsa ya amsa abin da ya ƙi faɗa.

Lauyan Zaure:
Hajiya, ke kina lissafin suna, lauyansa yana lissafin kurkuku. An rantsar da shi. In ya amsa, ya amsa laifin tarayya, don tun dokar 1990 mallakar waɗannan ƙwayoyi ba da takardar likita ba laifi ne. Wa'adin gurfanarwa shekara 5 ne, shi kuma a 2001 ya ajiye sanda, wato yana cikin wa'adi, kuma ba a ba shi kariyar da ya nema ba. In ya musanta, ya yi rantsuwar ƙarya. Wani ɗan wasan, Miguel Tejada, ya amsa laifin yaudarar masu binciken majalisa a 2009. Sai dai Malam Mai Lissafi, kada ka yi saurin murna. A 2003 an tambayi ɗan wasa Barry Bonds, bayan an rantsar da shi, ko mai horar da shi, Greg Anderson, ya taɓa ba shi wani abu da sai da allura ake sa shi a jiki. Sai ya ɓige da labarin yadda ya tashi ɗan shahararren uba. Wannan kewaye-kewayen shi ne tuhuma ɗaya tilo da aka same shi da laifi a kai a 2011, ta kawo wa shari'a cikas. Sai a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Mai Lissafi:
An soke dai, Barista. Ga Jason Giambi kuma: Fabrairun 2005 ya tara 'yan jarida ya yi ta ba da haƙuri, bai faɗi laifin da yake ba da haƙurin a kai ba. Kwantiraginsa da ƙungiyar Yankees dala miliyan 120 ce a shekara 7. Kalma ɗaya za ta iya ba ƙungiyar hujjar neman warware ta. Ya riƙe bakinsa, ya ci kuɗinsa.

Mai Ɗori:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren rauni, don nan ne aka fi zaluntar masu horarwa. Idan an ce majefi yana jin ɗaurewa a ƙasan gwiwar hannu, sau da yawa iyakar abin da aka sani ke nan a daren. Tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu sun kwanta ne a kan jijiyar da ke riƙe gwiwar ta ciki, ciwon ɗaya yana kama da na ɗayar. Sai an ɗauki hoton MRI, wani lokaci da ruwan rini a gaɓar. Ko an ɗauka, gwiwar duk wanda ya daɗe yana jifa tana nuna tsohon tabo, sai an gwada da hoton baya kafin a san sabo. Ɗan wasa kuma yana da haƙƙin jin ta bakin likita na biyu. In yagewar kaɗan ce, hutu da allurar jininsa da aka tace. In ta tsinke, tiyatar Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974, jinya wata 12 zuwa 18. Wa zai yanke wannan minti 20 bayan tashi daga wasa?

Hajiya Mai Alƙalami:
Na yarda da daren farko. Mako guda ana cewa "muna duba shi kullum" fa?

Mai Ɗori:
Wannan lissafin jerin 'yan wasa ne, ranki ya daɗe. Mutum 26 kowace ƙungiya take da su. In aka sa mai bugu a jerin majinyata ya tafi aƙalla kwana 10, majefi kwana 15, kuma kwana 3 kacal ake iya mayar da ranar farawa baya. Wanda zai warke a kwana 5, asara ce a rufe shi. Sannan in abokin karawa ya san majefin bahagonka ba zai iya fita yau ba, sai ya jera masu bugu yadda ya ga dama a ƙarshen wasa.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ka faɗa da bakinka: dabara ce, ba rashin sani ba. NFL, hukumar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, tana tilasta wa ƙungiyoyi fitar da rahoton rauni kafin wasa, besbol ba ta da irinsa. Amma bari in kawo wanda ba likita a ciki. A 2015 Kris Bryant ya fitar da ƙwallo waje sau 9 a wasannin share fage, Chicago Cubs suka ce da sauransa a tsaron fili, suka tura shi ƙaramin rukuni. Kwana 172 ke cika shekarar aiki. Suka kira shi ranar 17 ga Afrilu, ya ƙare da 171. Kwana ɗayan nan ya jinkirta 'yancinsa na zaɓen ƙungiya da shekara guda cur. Wa wannan inda-inda ta kare, Malam? Ba ɗan wasa ba dai.

Mai Lissafi:
Ta kare mai maganar, abin da na ce ke nan tun farko. Bryant ya kai ƙara, ya faɗi a 2020, don ba a iya tabbatar da mugun nufi ba. Kevin Mather, shugaban Seattle Mariners, ya saki baki a wani taro a Fabrairun 2021 kan riƙe matasa a ƙasa. Da bidiyon ya fito, kashegari ya ajiye aiki.

Lauyan Zaure:
To ai ba kullum take karewa ba. Houston Astros sun saci alamun hannu da ake yi wa majefan abokan karawa a 2017 da kyamara a tsakiyar fili, suna buga kwandon shara don sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe. An ci su tarar dala miliyan 5, an ƙwace musu zagaye 2 na farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2020 da 2021, 'yan wasan kuma an ba su kariya. Ba kurkuku a gabansu. Amma ranar 13 ga Fabrairu, 2020, mai ƙungiyar Jim Crane ya ce a ganinsu satar ba ta shafi wasa ba, da aka sake tambaya nan take ya ce shi bai faɗi haka ba. Me ya tsira da shi ban da ihun 'yan kallo?

Mai Lissafi:
Kofin zakarun 2017 da Astros suka ci, Barista. Yana Houston har yau.

Hajiya Mai Alƙalami:
Rahoton shugaban hukumar besbol Rob Manfred ne ya bar musu kofin tun 13 ga Janairu, wata guda kafin Crane ya buɗe baki. Kada ka haɗa. Batun Bryant kuma, je ka duba yarjejeniyar 2022: duk sabon ɗan wasan da ya zo na 1 ko na 2 a zaɓen gwarzon sababbi ana rubuta masa cikakkiyar shekara ko yaushe aka kira shi. In da gaske tsaron fili ne matsalar, me ya kawo wannan sashe cikin yarjejeniya?