Neman kalma: me za mu kira thumbnail da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da aikin da zan miƙa bayan isha'i, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Wasu samari biyu a nan Kano sun haɗa ɗan gem ɗin sunuka, irin na sauke gajiya, su kaɗai ba kamfani a bayansu. Kafin su ɗora shi a Play Store da Steam, shagunan intanet da ake sauke gem, sun yi hotuna uku, suna so a zagaya da takardar tambayoyi wuraren buga sunuka na Zoo Road da Hotoro a ji wanne ya fi sa mutum ya taɓa. Ni ce mai mayar da takardar Hausa. Kalmar ita ce thumbnail, ƙaramin hoton nan da ke wakiltar gem a cikin jerin 'yan'uwansa. Kusan kowace tambaya tana ciki, don haka doguwar jimla ba za ta yi ba.

Ɗan Farm Centre: Anti, ki rubuta tamnel ki huta. Duk yaron da ke ɗora bidiyo a YouTube haka yake cewa.

Mai Fassara: Ba su kaɗai za a tambaya ba, ƙanina. Akwai 'yan adaidaita sahu da teloli da ke zuwa bugawa in sun tashi daga aiki. Su nake so su gane ba sai an tsaya yi musu bayani ba.

Malamar Hausa: Hoton bango. Mun saba da bangon littafi, kuma aikinsu ɗaya, shi ake fara gani, shi ke sa a ɗauka ko a wuce.

Ɗan Farm Centre: Malama, in mutum ya zo shago ya ce min hoton bango, na fuskar wayarsa zan canza masa. Wani kuma wanda ake ratayewa a ɗaki zai zata.

Baƙon Fagge: To fasta mana, kamar ta finafinai.

Mai Zane: Fasta babba ce, daga tsallaken titi ake hango ta. Wannan kuwa duk matsalarsa ƙanƙanta ce. Ku duba: a Steam ƙaramin cikin irin hotunan nan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 462 da 174 ake ɗorawa, shafin kuma ya ƙara matse shi a wasu wuraren har ya koma 120 da 45. A Play Store tambarin manhaja 512 da 512 ne, faffaɗan hoton kuma 1024 da 500, amma a waya tambarin bai wuce kan yatsa ba. Anti ta turo min hotunan uku na gani. Na farko an ɗauko tebur gaba ɗaya daga sama, da aka rage shi sai ya zama koren fili da ɗige-ɗige. Ga shi an jera jajayen ƙwallaye, alhali gem ɗin na ƙwallo 15 masu lamba ne da fara ɗaya. Jajaye na ainihin sunuka ne mai ƙwallo 22. Mu nan duka sunuka muke cewa, amma mai saye a waje zai ga an nuna masa wani abu an sayar masa da wani. Na biyu baƙar ƙwallo mai lamba 8 ce ta cika hoton, ga kan sanda da shuɗin alli ya kusa taɓa fara. Shi ne kaɗai ya rayu bayan an rage shi, illa dai duk wanda ya san 8 Ball Pool na Miniclip zai ce ya taɓa ganin irinsa. Na uku saurayi ne da hula zanna ya duƙa yana auna rami. Ya fi su nuna daga ina gem ɗin ya fito, amma sunan gem ɗin da siririn rubutu aka yi, ya ɓace ɓat.

Tsohon Ɗan Jarida: Ina ta karantawa raina yana ɓaci. Tamnel, fasta, gem, fiksel. Ina Hausar? Harshen da ya ga abu yana tashi ya ce jirgin sama, ya ga intanet ya ce yanar gizo, shi ne yau ya gaza da ɗan hoto? Kalmar ita ce kama-ido. Ginin Hausa ne tsantsa, irin na dafa-duka da fasa-ƙwauri. Gajere ne, yana da daɗin faɗi, kuma ya faɗi aikin abin.

Baƙon Fagge: Kai, wannan ta zauna, Baba.

Ɗan Farm Centre: Ni rufa-ido ta tuna min, kamar za a damfari mutum.

Tsohon Ɗan Jarida: Yaro, kunnenka ne ya saba da Turanci. Su Turawan da kuke ganin girmansu, daga farcen babban yatsa suka samo tasu kalmar, ba su ji kunya ba. Mu ne kullum muke raina namu. Tun a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara ba da labarin duniya da Hausa, yaƙin duniya guda aka yi ta kawo labarinsa, ba ta ce kalma ta gagare ta ba.

Malamar Hausa: Allah ya ƙara girma Baba, ba wanda ya raina Hausa a nan. Amma hoton da ka ambata yanzu daga Turanci muka aro shi, haka tebur. Allo da manhaja kuma ba a ce komai a kansu, alhali daga Larabci muka aro su. Aro bai taɓa kashe Hausa ba. Ni ma ina son kalmar gida in ta samu, sai dai ba don fushi ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Aron da kakanni suka yi suka narkar daban, haɗiyar da ake yi yau ba tauna daban. Kuma wa ya ba 'yan kasuwar waya ikon yanke wa harshe hukunci? Akwai cibiyar nazarin harsuna a Jami'ar Bayero, su suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Can ya kamata a kai irin wannan.

Ɗan Farm Centre: Ranka ya daɗe, mu da muke kasuwar mu ne muke magana da mutane daga safe har dare. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana nan a rediyo, amma ban taɓa jin wanda ya shigo ya tambaye ta ba, kwamfuta ake cewa. Ba raini ba ne, abin da ke bakin jama'a nake faɗa.

Baƙon Fagge: Ai ku Kanawan cikin kasuwa ku kuka fi kowa gurɓata Hausa, a tambayi Sakkwatawa.

Malamar Hausa: Don Allah kada a buɗe wannan babin yau.

Mai Fassara: Baba, na gwada kama-ido a cikin takardar da zuciya ɗaya, ga inda ta tsaya. Tambaya ta biyu cewa take: shin wannan hoton ya ja hankalinka? In na sa taka sai ta zama, shin wannan kama-idon ya kama maka ido? Sunan ya riga ya ba da amsa. Hoton farko da Mai Zane ya kwatanta ba ya kama idon kowa, amma shi ma thumbnail ne. Ina bukatar sunan da zai hau mai kyau da marar kyau duka, tunda auna su za a yi. Samarin nan kuɗin aljihunsu suka zuba, ba na so takardata ta karkatar da amsar da za su dogara da ita.

Mai Zane: Gaskiya ne. Kama-ido ta fi dacewa da hotunan nan masu jan kibiya da buɗaɗɗen baki da ake yaudarar mutane da su. Steam ma tun Satumbar 2022 ta hana rubuta makin yabo ko lambar girma ko ragin farashi a kan waɗannan hotunan, zane da sunan gem kawai. Ni hoton talla nake ba da shawara. Kuma Anti ki gaya musu kada su buga hotunan a babbar takarda, a nuna wa mutane a waya a tsakiyar wasu gem ɗin, in ba haka ba kowa na uku zai zaɓa.

Malamar Hausa: Hoton talla ya yi, jam'insa ma ba wahala, hotunan talla. Sai dai ƙanƙantar ta faɗi. A sa ɗan a gaba?

Baƙon Fagge: Ɗan hoton talla kamar mutum ake nufi, irin ɗan kasuwa.

Ɗan Farm Centre: Kuma ƙananan hotunan da ke cikin galarin waya fa? Su ma tamnel ne, ba kuma tallar komai suke yi ba.

Mai Fassara: Wannan sai wani zaman. Ga abin da zan yi, lokaci ya ƙure: a saman takarda zan rubuta ƙaramin hoton talla sau ɗaya tare da bayanin layi guda, a cikin tambayoyi kuma hoton talla kawai. Na gode muku duka. Shawarar nunawa a waya ma zan isar.

Tsohon Ɗan Jarida: Hujjarki a kan takardar tambayoyi na karɓa, 'yata, a nan kaɗai. Amma hoton talla bayani ne, ba suna ba ne. Ni kama-ido zan ci gaba da rubutawa.

Malamar Hausa: A bar ta a ajiye don masu jan kibiyar, Baba, can ba mai yi maka musu.

Tsohon Ɗan Jarida: Ba don su na ƙirƙiro ta ba. Allah ya ba da sa'ar aiki.